Bindiga Ta Yi Shiru Amma Ana Ci Gaba Da Haƙa Kabari: Wasiƙa Kan Agajin Bayan Yaƙi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mu yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, wato yadda ake ba da labarin ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa. Ranar da aka sa hannu a takardar sulhu, hoton shugabanni suna musabaha ne ke cika shafin farko. Bayan mako biyu sai labarin ya ɓace, mai karatu ya ɗauka an gama. Alhali shekarar farko bayan ajiye makamai ita ce lokacin da ake ceton rayuka masu ɗimbin yawa ko kuma a yi asararsu, kuma abin da ke kashe mutane a lokacin ruwa ne marar tsabta, da ƙyanda, da yunwa, da nakiyar da ke binne a gona.

Angola ta isa misali. An kashe madugun 'yan tawayen ƙasar, Jonas Savimbi, a watan Fabrairun 2002, aka sa hannu a yarjejeniyar sulhu ta Luena a watan Afrilu. Da hanyoyi suka buɗe, ma'aikatan agaji suka shiga yankunan da shekara da shekaru ba wanda ya iya takawa, suka tarar da jama'a sun rame sun ƙanjame, yara suna mutuwa kullum. Buƙatar agaji a shekarar sulhun ta ƙaru, domin a lokacin ne aka ga waɗanda yaƙin ya ɓoye. Haka abin yake kusan ko'ina. Akwai ma'aunin da ake amfani da shi: idan mutum 1 cikin 10,000 yana mutuwa a kowace rana, ko yara 2 cikin 10,000 'yan ƙasa da shekara 5, to ana cikin halin gaggawa ko da ba a ji ƙarar harsashi ɗaya ba. Wannan adadin ya kamata ɗan jarida ya fara tambaya. Inda ba asibiti ba rajista, ƙirga sababbin kaburbura ake yi, ko a rubuta yawan likkafanin da aka raba a mako.

Ruwa shi ne na farko, kuma a nan aka fi yin sakaci domin ba ya ɗaukar hoto mai kyau kamar buhun abinci. A watan Yulin 1994 dubban ɗaruruwan 'yan Ruwanda suka kwarara zuwa Goma a gabashin Kwango cikin 'yan kwanaki. Ƙasar wurin dutsen aman wuta ce, ba ta haƙuwa, don haka ba a iya yin masai ba. Tafkin Kivu ya zama wurin sha da wanka da komai. Cikin watan farko kimanin mutum 50,000 suka mutu, akasari da kwalara da atini. Wannan masifa na cikin abubuwan da suka sa ƙungiyoyin agaji suka zauna suka tsara ma'aunan da ake kira Sphere, waɗanda har yau da su ake aiki.

Ga abin da ma'aunan suka ce. Kowane mutum yana buƙatar aƙalla lita 15 a rana don sha da girki da tsabtar jiki. Kada wurin ɗiban ruwa ya wuce mita 500 daga matsuguni, kada layi ya wuce minti 30. Kan famfo ɗaya na mutum 250 ne, famfon tuƙa-tuƙa ɗaya na mutum 500. Dalilin zancen layi shi ne, idan mace ta ga za ta shafe rabin yini kafin ta cika jarka, kududdufi za ta nufa, kuma ba wanda zai ga laifinta. Sai maganar kulorin, sinadarin da ake zubawa a ruwa don kashe ƙwayoyin cuta. Ana so bayan minti 30 da zuba shi a sami ragowar miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita a bakin famfo, idan kuma annoba ta ɓulla a ɗaga. Kuskuren da aka fi yi guda biyu ne. Na ɗaya, a zuba kulorin a ruwa mai laka. Lakar tana shanye ƙarfinsa, ƙwayoyin cuta kuma su laɓe a cikinta, don haka dole a bar ruwan ya kwanta ko a sa alif kafin a zuba. Na biyu, a zabga shi da yawa har ruwan ya yi wari, jama'a su ƙi sha su koma rafi. Akwai kuma na uku da ba a cika lura da shi ba: ruwa ya bar famfo da tsabtarsa, ya gurɓace a gida saboda bokiti ne buɗaɗɗe da kowa ke tsoma moɗa da hannu. Shi ya sa jarka mai ƙaramin baki da murfi ta fi bokiti, shi ya sa kuma sabulu, giram 250 ga kowane mutum a wata, yake cikin kayan ceton rai.

Masai ɗaya na mutum 20 ne, ko da yake a makonnin farko akan lamunta da 50. A haƙa shi aƙalla mita 30 daga rijiya, ƙasan ramin ya kasance mita 1.5 sama da inda ruwan ƙarƙashin ƙasa yake. A raba na maza da na mata, a sa sakata ta ciki da fitila. Masan da ba shi da sakata, yana can ƙarshen sansani cikin duhu, mata ba za su je ba da dare, domin a hanyarsa ake tare su. A takarda an gina masai 200, a zahiri rabin jama'a suna zagayawa bayan tanti.

Kwalara kanta ba ta da wuyar magani idan an shirya. Wanda ta kama da tsanani aka bar shi, yana iya mutuwa cikin sa'o'i, amma inda ake ba da ruwan gishiri da sukari da ƙarin ruwa ta jijiya a kan lokaci, waɗanda ke mutuwa ba sa kai 1 cikin 100. Abin da ke jawo asara shi ne nisa. Gara a kafa ƙananan wuraren shan ruwan gishiri da sukari a cikin unguwanni, inda mutum zai isa da ƙafarsa, da a gina babbar cibiya guda wadda sai an yi tafiyar rabin yini ɗauke da marar lafiya.

Na biyu a gaggawa ita ce ƙyanda. Yaƙi yana tsayar da rigakafi na shekaru, sai a sami yara 'yan shekara 8 ko 10 da ba a taɓa yi wa allura ba, ga su cunkushe wuri guda, ga yunwa. Saboda haka akan yi wa duk yaro daga wata 6 har shekara 15, haɗe da sinadarin bitamin A, kuma ana so a kai kashi 95 cikin 100. Jaririn da aka yi wa kafin ya kai wata 9 sai an sake masa. Wahalar aikin tana wajen sanyi. Maganin yana son digiri 2 zuwa 8, a ƙasar da ba wutar lantarki, firjin asibitoci kuma an kwashe. Da zarar an haɗa kwalbar da ruwanta, sa'a 6 gare ta, abin da ya rage sai a zubar. Ma'aikacin da ya ji tausayin maganin ya ajiye shi zuwa gobe yana iya sa wa yara guba da hannunsa.

Yanzu tamowa, wadda muke so mu ɗan tsaya a kanta domin kyakkyawar niyya ta sha kashe yara a nan. Gane ta ba ya buƙatar likita. Ana zagaya ɗan tef mai launi a tsakiyar damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. Idan bai kai milimita 115 ba, tef ya nuna ja, tamowa ce mai tsanani. Daga 115 zuwa 125 matsakaiciya ce. Sannan a danna babban yatsa a bayan ƙafafun yaron biyu a ƙirga daƙiƙa 3. Idan an ɗaga yatsa rami ya zauna a duka ƙafafun, wannan kumburi ne, kuma yaron yana cikin haɗari ko da a ido ya yi kama da mai ƙiba. Uwar da aka koya wa wannan cikin rabin sa'a tana gano ɗanta da wuri fiye da ma'aikacin da ke zuwa sau ɗaya a wata.

Mataki na gaba shi ne gwajin ci. A ba yaron ƙunshin abincin magani, wanda ake haɗawa da gyaɗa da madarar gari da mai da sukari da sinadarai, giram 92 mai kalori 500. Idan ya ci, ba zazzaɓi mai zafi, ba wahalar numfashi, a gida za a yi jinyarsa, uwa tana zuwa karɓa mako-mako, a haɗa masa da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kwali guda mai ƙunshi 150 yakan ishi yaro ɗaya na mako 6 zuwa 8. Idan ya ƙi ci, sai kwanciya. A nan ne wanda bai sani ba yake yin ɓarna. Jikin da ya daɗe da yunwa ya rage aikin zuciya da hanta da ƙoda don ya rayu. Ka ɗura masa abinci mai nauyi farat ɗaya, ko ka maƙala masa ƙarin ruwa ta jijiya don ka ga idonsa ya zurma, zuciyar ta gaza. Ana farawa da madara ta musamman marar nauyi, F-75, kaɗan-kaɗan duk bayan sa'a 2 ko 3, har cikin dare, a lulluɓe yaron domin sanyin asuba da faɗuwar sukarin jini ne ke ɗauke su. Ba a ba da maganin ƙarin jini a kwanakin farko. Sai kumburi ya fara saɓewa, ci ya dawo, sannan a matsa gaba.

Abin da ke lalata jinyar gida sananne ne. Uwa tana da yara 5, duk suna jin yunwa, an ba ta abincin ɗaya. Za ta raba, kuma duk wanda ya zarge ta bai san uwa ba. Maganin shi ne a haɗa wa gidan rabon abinci na kowa. Haka nan muna roƙon masu tara gudummawa su daina aika madarar gwangwani ta jarirai ana rabawa barkatai. Inda ba ruwa mai tsabta ba itacen tafasa shi, wannan madara gudawa take kawowa, nonon uwa kuma ya ƙafe. Ciyar da mai shayarwa ya fi.

Zancen gudummawar da ba a nema ba ya kai mu ga magunguna. A yaƙin Bosniya, tsakanin 1992 da 1996, an ƙiyasta tan 17,000 na magungunan da aka aika ba su da amfani, wasu wa'adinsu ya wuce, wasu an rubuta su da harshen da ba mai karantawa. Sai da aka kashe kuɗi masu yawa wajen ƙona su. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce magani ya iso da sauran aƙalla shekara guda kafin ya lalace, kuma ya zama wanda aka nema. Mai son taimako ya ba da kuɗi ga waɗanda ke wurin, su suka san abin da ya ƙare a shagon magani.

Abinci na gama-gari lissafi ne. Ana auna kalori 2,100 ga kowane mutum a rana, wanda yakan zo kamar giram 400 na hatsi, 60 na wake ko danginsa, 25 na mai, 50 na garin da aka ƙara wa sinadarai, ɗan sukari da gishiri giram 5. Jimla ta haura rabin kilo kaɗan. Mutum 100,000 ke nan suna cin kusan tan 55 kullum, wato manyan motoci 2 masu ɗaukar tan 30, kowace rana ta Allah, a kan hanyar da aka karya gadojinta. Ba a fafe gora ranar tafiya. A Sudan ta Kudu yawancin hanyoyi ba sa biyuwa da damina, don haka Hukumar Samar da Abinci ta Duniya takan jibge abinci a rumbuna tun da rani. Idan kuɗin masu ba da tallafi ya makara da wata 2, rani ya wuce, sai dai a jefo buhuna daga jirgin sama, kuma tsadar hakan ninki-ba-ninki ce. Kuɗin da zai ciyar da gari guda ya ƙare a man jirgi.

Cikar buhu kuma ba ita ce cikar abinci ba. A 1990, 'yan gudun hijirar Mozambik da ke Malawi sun dogara kan masara, gyaɗar da ake haɗa musu ta yanke na watanni. Fiye da mutum 18,000 suka kamu da cutar ƙarancin sinadarin niyasin, wadda ke sa fata ta yi baƙi ta tsattsage inda rana ke duka, ta kawo gudawa, ta taɓa hankali. Ciki a cike, jiki yana lalacewa. Wani abin da ake mantawa shi ne niƙa da makamashi. Ka ba mutum tsabar hatsi ba injin niƙa, zai sayar da wani kaso ya biya niƙa. Ka ba shi busasshen waken da ke cin sa'o'i a wuta, 'yarsa ce za ta shiga daji neman itace inda tsofaffin mayaƙa ke yawo. Inda kasuwa ta farfaɗo, 'yan kasuwa suna iya kawo kaya, ba da kuɗi ya fi raba buhu, domin mutum ya san buƙatarsa. Amma a fara duba kasuwar. Zuba kuɗi a garin da mota ba ta shiga farashi kawai zai tayar.

Wa ke karɓa? Wannan tambaya ta fi kowace zafi. A ƙasar da aka yi yaƙi, jerin sunaye makami ne. Wanda ya rubuta shi zai sa nasa, ya cire waɗanda ya ɗauka 'yan ɗaya ɓangaren ne, ya ƙara sunayen da ba su da masu su. Gwauruwa da tsoho da naƙasasshe, waɗanda ba su iya kokawar layi, su ne ke faɗuwa. Abin da ya fi aiki shi ne a karanta jerin a bainar jama'a, a liƙa yawan rabon kowane gida inda kowa zai gani, a sa sikeli a bakin fita don mutum ya auna abin da aka ba shi, a rubuta katin da sunan matar gida. A 2002 wani rahoto na hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar Save the Children ya fallasa yadda wasu ma'aikatan agaji a sansanonin Gini da Laberiya da Saliyo suke neman 'yan mata da lalata kafin su ba su abinci ko tamfol. Abin kunya ne da bai kamata a rufe ba. Dole a sa mata cikin masu rabo, a shelanta cewa agaji kyauta ne, a buɗe hanyar kai ƙara da ba ta bi ta hannun mai rabon ba.

Sai komawa gida, wadda gwamnatoci ke gaggawarta domin sansani da ba kowa shi ne shaidar zaman lafiya a idon duniya. Yarjejeniyar Kampala ta 2009 ta Tarayyar Afirka ta tanadi cewa komawa da son rai take, cikin aminci da mutunci. Rage rabon abinci don a tilasta wa mutane tashi ba son rai ba ne. Kuma gidan da za a koma, me ke cikinsa? Mozambik ta yi sulhu a Roma a watan Oktoban 1992, amma sai 2015 aka ayyana ta kuɓuta daga filayen nakiyoyin da aka sani. Shekara 23 ke nan. Mai tonon nakiya yana aiki a durƙushe cikin layi mai faɗin mita 1, da na'urar gano ƙarfe da ɗan tsinke, duk ƙusa ko kwanson harsashi sai ya tone shi kamar nakiya ce. Abin da yake sharewa a yini bai wuce tsakar gida ba. Don haka ake fara tambayar mutanen wurin da tsofaffin mayaƙa ina aka binne, a yi alama, a fara da hanyar rijiya da makaranta da gonaki. Ambaliya tana kwashe nakiya daga inda aka yi alama ta kai inda ake zaton lafiya, saboda haka bayan ruwa mai yawa sai an sake dubawa. Yara kuma a koya musu tun suna sansani cewa ƙarfen da ba su sani ba, ba a taɓawa, ba a jifa, ba a kai wa mai sayen ƙarafa.

Lokacin komawa ya dace da kalandar noma. Iyalin da ya isa gona bayan shuka ta wuce zai zauna kan agaji shekara guda cur. Iri da fartanya su isa hannu makonni kafin ruwan farko, kuma tare da abinci, in ba haka ba irin zai shiga tukunya. A gwada shi kafin a raba: ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen tsumma, a ƙirga waɗanda suka tsiro bayan mako. Irin da aka sayo daga wata ƙasa mai wani yanayi yakan yi ganye ya ƙi 'ya'ya, don haka wanda manoman yankin suka sani ya fi. Gonar ma sai an tabbatar ta wace ce. A Burundi, waɗanda suka gudu Tanzaniya tun 1972 sun dawo bayan fiye da shekara 30 suka tarar da wasu sun yi gida sun haifi 'ya'ya a filayensu, har sai da aka kafa hukumar filaye a 2006. Rikicin gona da aka bari yana iya kunna sabuwar wuta.

Su ma masu bindigar suna cikin lissafi. A Laberiya an fara karɓar makamai a watan Disamban 2003 a wani bariki kusa da Monrobiya kafin a gama shiri. Mayaƙa suka zo fiye da yadda aka zata, suna jiran kuɗi a hannu, aka yi tarzoma, aka dakatar da shirin har watan Afrilun 2004. A ƙarshe fiye da mutum 100,000 suka yi rajista, bindigogin da aka karɓa kuwa ba su kai 30,000 ba. Darasin shi ne idan kuɗi ya rataya kan miƙa makami, kwamanda ne zai raba wa 'yan uwansa harsasai su je su karɓa, 'yan matan da aka sace suka yi wa mayaƙa bauta kuma su tashi a tutar babu. Idan kuma aka fifita wanda ya ƙona gari a kan wanda aka ƙona wa, garin ba zai karɓe shi ba. Aikin gyaran hanya ko rijiya da ake biyan kowa, tsohon mayaƙi da manomi kafaɗa da kafaɗa, ya fi ba da ambulan.

Wani ciwon da ke zuwa a hankali shi ne na ma'aikata. Ƙungiyoyin waje suna biyan albashin da gwamnati ba ta iyawa, sai ungozoma da malamin asibiti su bar aikinsu su koma tuƙa mota ko tafinta. Ranar da ƙungiyar ta naɗe kayanta, asibitin ba ma'aikaci, famfon tuƙa-tuƙa ya lalace don an rasa 'yar robar ciki da wanda ya iya sa ta. Kowace rijiya tana buƙatar makaniki daga garin da shagon da ke sayar da kayan gyaranta, tun ranar da aka haƙa ta.

Roƙonmu gare ka, Malam Edita, shi ne duk ƙasar da kuka buga labarin sulhunta, ku koma mata bayan wata 6, lokacin da kyamarori suka tafi, kuɗin tallafi ya fara janyewa zuwa wata sabuwar masifar. Wakilinku ya tambayi lita nawa mutum ke samu a rana, yaushe aka yi rabon ƙarshe kuma cikakke ne ko rabi, yara nawa tef ya nuna wa ja a wannan watan, sannan ya je ƙauyen da aka mayar da mutane ya duba ko irin shuka ya riga ruwan sama isa.

Wassalam,
Wasu masu aikin agaji, masu karanta wannan jarida.